Bangon da Kika Yaɓe da Hannunki

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiyarsa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina rubuto miki daga Doha, shekara biyu da rabi bayan rasuwarki. Na san takardar nan ba za ta iske ki ba. Ko kina raye ma sai ƙanena Sani ya karanta miki. Amma akwai maganar da ta daɗe a raina, kuma ke ce mai ita.

Garin nan ya cika maƙil da baƙin gasar ƙwallon duniya. 'Yan'uwan surukarki Binta su biyar suka sauka a gidanmu na unguwar Bin Mahmud, har falo sai da aka shimfiɗa katifa. Sai muka bar musu gidan na kwana biyu, Binta ta kama mana ɗaki a wani masauki da ke bakin teku, inda ake ba baƙo wurin kwana da karin kumallo. Tsohon gidan wani attajiri ne mai fataucin lu'ulu'u, an ce ya haura shekara ɗari.

Inna, ina shiga na tsaya cak. Zaure ne a gaba, sai ɗan lungu, sai tsakar gida. Bango mai kauri, rufi na itace a jere kamar azara, alkuki a jikin bango, randa a inuwa da moɗa a kanta. Gidanmu ne na cikin birnin Zariya sak, sai dai teku a bayansa maimakon kududdufi. Turawa kuwa layi suke yi don ɗaukar hoton randa. Da kin gani da kin yi dariya har da riƙe ciki.

Ni ban yi dariya ba, domin na tuna wata rana a farkon annobar korona, kafin a rufe ofisoshi. Na kira ki ta bidiyo daga ofis, Sani na riƙe miki da waya. Kina tsaye jikin bangon ɗakinki, hannuwanki duk jar ƙasa, kin gama yaɓe kafin damina. Da yake ni ne ɗan fari ba kya faɗin sunana, sai kika ce, "Mutumin Ƙatar, dubi aikina, ko injiniyoyi za su ɗauke ni?" Daidai lokacin wani abokin aikina Bature ya leƙo ta bayana. Na kife wayar a kan tebur. Ina jin muryarki a ƙarƙashinta kina tambayar Sani ko layin ne ya yanke.

Da ya fita na ɗaga wayar, na ce miki in za ki riƙa amsa kirana ki nemi wuri mai haske. Haske na ce, amma kin fi ni sanin abin da nake nufi.

Daga ranar, duk Juma'a sai in gan ki a jikin bangon siminti mai shuɗin fenti. Bangon maƙwabcinmu Alhaji Tanimu ne. Daga baya Sani ya gaya mini tun kafin a sauko daga masallaci kike wanka, ki saka mayafin fita, ki ja ƙafarki mai ciwo ki je can ki tsaya jiran waya. Na gane bangon tun ranar farko, Inna. Ban ce komai ba. Gaskiyar da ta fi ci mini rai ita ce daɗi na ji.

Wata uku bayan haka kika rasu, jirage a tsaye, ban samu ko sallarki ba. Da aka buɗe hanya na zo ta'aziyya, na zagaya gidan da awon ƙafa, na dawo na zana sabon gini. Na ce wa Sani a rushe na ƙasar kafin ƙarshen bana.

Ki yi haƙuri, ban gama ba. Da safe a masaukin nan an jera mana shayi da gurasa a tsakar gida. Wani dattijo ɗan Ajantina da ya zo kallon ƙwallo ya ji ni injiniya ne, ya tambaye ni yadda rufin itace ke ɗaukar nauyin ƙasa shekara da shekaru. Na zuba masa bayani tiryan-tiryan: yadda ake jera itacen, yadda ake shimfiɗa tabarma, yadda ake gyara indararo kafin ruwa. Duk a bakinki na ji su, ina yaro ina miƙo miki kwano. Ya ce a ina na san wannan haka? Na buɗe baki na ce a littafi na karanta.

Matar da ke zuba mana shayi, Hajiya Fati, 'yar Zangon Kumasi ce, mun gaisa da Hausa tun isowarmu. Ta jira sai da dattijon ya tashi. Tana kwashe kofuna ta ce, "Ɗan'uwa, jiya na gan ka. Ƙaramin ƙofan nan, baƙi duka sai sun buga goshi. Kai ko dubawa ba ka yi ba, ka duƙa ka wuce. Wannan ma littafi ne?" Ta faɗa da murmushi, ba da mugunta ba. Binta ta sunkuyar da kai. Ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.

Na fita bakin ruwa, wajen da ake ɗaure jiragen katako, na kira Sani. Ko gaisawa ba mu gama ba na ce kada a taɓa ɗakinki, a bar shi yadda yake. Sai ya ce, "Yaya, ai tun makon jiya aka sauke shi. Kai ka ce a yi sauri." Azarorin ma mai waina ta saye su ta yi makamashi.

Na ce ya nuna mini. Ya juya wayar a hankali. Fili ne fetal, sai tulin jar ƙasa da buhunan siminti. Ba alkuki, ba sawun yatsunki da kike bari a saman ƙofa duk shekara. Abu ɗaya ne a tsaye a can ƙarshen filin, yanzu babu abin da ya kare shi: shuɗin bangon Alhaji Tanimu. Shi na zaɓa, shi aka bar mini.

Inna ta, ba ki taɓa yi mini ƙorafi ba. Kin ɗauki kunyata kin ɗora a kan ƙafarki mai ciwo, kina kai ta gidan maƙwabta duk mako. Na so a ce sau ɗaya kin zage ni.

Da na koma ciki na nemi dattijon nan, aka ce ya tafi filin wasa. Sai na samu Hajiya Fati a madafa na ce mata a ɗakin ƙasa aka haife ni, uwata ce ke yaɓe shi da hannunta. Ta ce Allah Ya jiƙan ta, ta ci gaba da wanke-wanke.

Allah Ya gafarta miki, Ya yalwata makwancinki, Ya sanyaya shi kamar ɗakinki da tsakar rana. Allah Ya gina miki gida a Aljanna. In Ya ƙaddara mun haɗu, ki tsaya duk inda kike so, ni zan zo in same ki.

Naki,
Mutumin Ƙatar