A Mayar wa Auta Teburinta

Jiki ne ya gaza, amma hankalina ɗaya nake rubuta wannan, kuma ba wanda ya sa ni.

1. Shagon walda da injinan da ke ciki naku ne ku uku. Da hannuna na kafa shi, ba gado na ci ba. Kada a sayar. Babba, kai ne kan ma'aikata.

2. Teburin ofis da duk wasiƙun Turanci na shago a mayar wa Auta.

Kun san yadda muke yi da ita. Ina tsaye ina faɗa da Hausa, tana zaune tana bugawa da Turanci, in sa hannu ban karanta ba, wai na manta tabarau. Tabaran yana aljihuna. Turancina na sakandare ne, ba na son ku ga ina bin layi da yatsa.

Da Babba ya ce wasiƙunta roƙo ne, ba mu gaji roƙo ba, na goya masa baya, ta bar ofis tana kuka. Shi ya rubuta wa kamfanin gine-ginen da muke yi wa ƙofofi cewa su zo su kwashe kayansu kafin mu gaji da su. Har yaba masa na yi. Tun daga nan ba su sake ba mu aiki ba, ma'aikata kuwa da su suke ci da iyalansu.

Manajan kamfanin ya zo duba ni a asibiti. Ya ce bai taɓa hulɗa da mai ladabin rubutu kamata ba: gaisuwa a sama, uzuri a tsakiya, godiya a ƙasa, ko da laifin nasu ne. Don haka ya san wasiƙar ƙarshe ba maganata ba ce. Na juya fuska bango. Cikin wasiƙun duka, ta ƙarshen nan kaɗai ce ta yi kama da ni.

3. Babba, ka je gidan ƙanwarka da ƙafarka, ba ta waya ba. Ku zauna ku rubuta wa kamfanin ban haƙuri. Ita za ta zaɓi kalmomi, kai ka karanta a gabanta kafin ka sa hannu.

4. Ƙarami, motata taka ce. Ka riƙa kai mahaifiyarku asibiti.

Auta, ban iya faɗa miki ido da ido ba. Ki yafe mini.

Allah ya yi muku albarka, ya rufa asirinku. Kada in tafi ku raba ƙofa.

Mahaifinku.