Maraƙin da Aka Mayar Damisa

Daga ofishin Babban Shugaban Likitocin Dabbobi, mai ikon buɗe bakin kowace saniya da ɗaga ƙafar kowane jaki, zuwa ga bawan Allah mai farar saniya, wanda neman halali ya kai shi nesa da gida. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, ya yi wa nemanka albarka, ya tsare ka daga sharrin mutum da aljan da masu fenti, amin. Ina umartar ka da ka ajiye duk abin da ke hannunka ka karanta har ƙarshe. In loma ce ma gara ka ajiye ta, domin labarin da ke tafe ba ya shiri da cin abinci.

Ofishinmu ya leƙa gidanku ya tarar kowa lafiya. Mahaifinka na nan da ƙarfinsa, sai gwiwar nan da ke yi masa ƙara in zai tashi daga tabarma. Mahaifiyarka ta warke daga mura ta koma faɗa, alamar sauƙi ya samu. Gwaggo ta zo da cewa kwana biyu za ta yi, ga shi har ta yi shuka a bayan ɗaki. Awaki sun hayayyafa, kaji na nan suna shiga inda ba a aike su ba. Ƙaninka kuwa, yaron kirki, ga ladabi ga kyan gani, duk garin da shi ake yi wa yara misali.

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. An aiko maka albishir tun tuni cewa saniyarka ta haifi maraƙi fari sol, mai bin mutane kamar kare. Ka kuma san ƙungiyar samarin nan masu wasan kwaikwayo a filin makaranta, wadda Tela ke shugabanta, shi da ya hana a kira shi Tela a wurin wasa sai dai Darakta. Bana suka shirya wasan wani maharbi da ya ceci gari daga damisa. A da in ana son damisa sai a cusa yaro a buhu, a ɗiga masa gawayi, ya yi rarrafe ya yi gurnani, kowa ya watse yana murna. Tela ya ce wai an wuce wannan zamanin, shi dabba mai rai yake so. Ya zaga gari kaf, idonsa bai sauka ko'ina ba sai kan maraƙinka. Ya zo ya durƙusa gaban Baba, wato mahaifinka, ya zuba masa zaƙin baki, ya ce za a ajiye masa kujera a sahun gaba, a kuma ambace shi a lasifika. Inna, mahaifiyarka, ta ce a bari, jinjirin dabba ba abin wasa ba ne. Baba ya ce yini guda ne fa, me zai ci shi. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, amma ran nan babban kujera kawai ya hango.

Da a ce gawayi suka shafa masa, da ban ɓata tawadata ba. Tela ya ce gawayi zai kakkaɓe kafin a fara, sai ya aika wurin Mai Fenti a kawo ragowar wanda aka shafa wa ƙofofin shaguna, fentin mai, baƙi da rawaya, irin wanda in ya taɓa rigarka sai dai ka haƙura da ita. Ƙarti huɗu suka danne ɗan talikin nan a bayan shagon ɗinki, suka mulka masa rawaya tun daga kunne har wutsiya, suka bi da ɗigon baƙi. Har gashin baki suka zana masa. Ni da na gan shi ban ga damisa ba, na ga katifar tsohon asibiti ce ta yi ƙafafu. Ga wari kamar an kwance injin niƙa.

Da la'asar gari ya cika fili, har kan katanga. Maharbi ya fito da bakansa yana cika baki, aka buga ganga, aka turo damisa daga bayan labule. Ta tsaya tsakiyar fage, ta dubi jama'a, ta buɗe baki ta ce mbaaa. Sannan ta saki fitsari a tabarmar sarkin wasan, ta bi maharbi ta kama gefen rigarsa tana tsotso, shi yana ja tana ja. Mutane suka yi ta dariya har da masu faɗuwa daga benci. Ban yi ba. To, na ɗan yi, amma kaɗan. Tela kuwa har yau yawo yake yana cewa ba a taɓa wasan da ya karɓu irin wannan ba. Baba ko ambatonsa ba a yi ba, lasifikar ta mutu tun kafin a fara.

Da aka mayar da maraƙin turke, ya ruga wurin uwarsa da yunwa. Ta sunkuya ta shinshina shi, ta yi wani huci, ta ja da baya kamar ta ga maciji. Ya sake matsowa ya nufi hantsa, ta sa ƙafa ta yi jifa da shi har jikin katanga. Ka fi ni sani, saniya da hanci take gane ɗanta, ita kuwa abin da ta ji ƙofar shago ce. Sai Mai Fenti ya ba da shawarar a wanke shi da kananzir, wai haka yake wanke burushinsa. Aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago. Fentin ya narke ya zama wani launi da babu sunansa, gashin ya riƙa fita dam-dam, fatar ta yi ja ta tsattsage tana ruwa. Ƙudaje kuwa kamar an yi musu shela. Kullum da safe ni ke zama da tsinke ina ciro tsutsa daga bayan kunnensa, ina wanke wurin da ruwan gishiri. In na gama ko sabulu nawa na sa, sai na ga kamar hannun ba nawa ba ne.

Babu dabarar da ba a yi ba. An barbaɗa masa gishiri ko za ta lasa, ta lasa sau ɗaya ta yini tana dalalar da yawu. An shafa masa kashinta, da hannuna wannan da nake rubutu da shi, ya zama ga fenti ga kananzir ga kashi, ko kare ya daina bi ta wurin. An ɗaure ƙafafunta a sa shi ya sha, ta riƙe nonon ƙam, ko ɗigo. Yanzu hantsarta ta kumbura ta yi tauri, ba ta bari kowa ya taɓa. Inna ta gwada tatsa, ta tashi da ƙwarya a fashe da gwiwa a kumbure. Shi kuma nonon akuya nake ɗura masa da kwalba, yana sha yana zawo, haƙarƙarinsa duk sun fito ana ƙirgawa. In dare ya yi shi yana kuka a wannan kusurwa, ita tana kukan neman ɗanta a waccan, alhali ga shi a gabanta. Wallahi wannan ya fi tsutsar tayar mini da zuciya.

Abin da ya fi ba ni haushi mutane ne. Tela bai taɓa leƙowa ba, da na tare shi sai ya ce wai fasaha sai da sadaukarwa. Na ce to shi me ya sadaukar, ko zare bai tsinke masa ba. Mahauci kuwa ya mayar da ƙofar gidanmu hanyarsa, kullum sai ya tsaya gaishe da Baba yana leƙen turke ta gefen ido, kamar ungulu a kan reshe. Baba kunya ta hana shi sakat, ya ce kada wanda ya sanar da kai, in ka kira waya ma yana tsaye a kanmu. Ya kuma yanke cewa in direban babbar motar da zai kawo maka takardar nan ya je ya dawo saniya ba ta karɓi ɗanta ba, za a miƙa shi ga mahauci kafin ya mutu a banza.

Inna ce ta tuno da abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ta ce saniyar nan marainiya ce, kai ka raine ta da hannunka, a jikinka take kwana tana ƙarama, kuma ko da ta girma in ta ƙi tsayawa tatsa rigarka ake rataya mata a turke ta lafa. Muka kwance kayanka da ka bari, ashe Inna ta wanke su tas da sabulu, aka kai mata ta kau da kai. Saboda haka ofishinmu na buƙatar rigarka ta aiki, wadda ka yini a cikinta cikin rana, a ɗaura wa maraƙin a baya ko Allah zai sa ta ji ka a jikinsa ta sakar masa nono. Kada a wanke, kada a shanya, kada matarka ta ji kunya ta fesa mata turare. Ka ƙara kwana a cikinta ma in da hali, ka ƙulle ta a leda biyu saboda direba yana da iyali. Warin hammatar nan taka da ya sa na ƙaura zaure da kwana tun ina yaro, wanda sauro ma ke kauce wa, yau ga ranarsa ta zo. Lallai Allah bai halicci komai a banza ba.

Ka gaishe mini da matarka da kyau, ka ce ina ba ta haƙurin daren da za ta kwana kusa da rigar. Ka shafa mini kan 'ya'yanka, Ƙaramar Inna da Sarkin Kuka, Allah ya raya su. Ka gaida Kawu Dogo in kun haɗu, da maƙwabcinka mai shayi da ke karɓar maka saƙo. Inna na gaishe ka, ta san da takardar nan, ta ce in ka tashi yi wa Baba magana ka tausasa harshe, shi ma ba ya barci. Gwaggo na gaisuwa, ta ce ba ta ga ranar tafiya ba tukuna.

Yaya, na san tun daga yaron kirkin nan ka gano ni, don babu babban likitan da ke rubutu da tawadar allo. Direba ya faɗa mini takardata ta baya a aljihu ka cusa ta, ka ce shirmen yaron nan ne, sai ka samu sarari. Wannan ba ta da sararin jira, shi ya sa na ara mata babbar riga. Ka zage ni in ka dawo, ka ja kunnen ma, na yarda. Amma kafin motar nan ta juyo, don Allah ka tuɓe taka rigar ka ba shi.

Ni ne ƙaninka, wanda kake kira Kunnen Ƙashi.