Ina da Ƙanjamau, Kuma Ba Zan Bar Ƙauyenmu Ba

Zuwa ga mai girma Likitan da ke kula da lafiyar ƙauyukanmu na gefen Damazin,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya kai da iyali.

Sunana Rabi, mai sayar da kisra, wato gurasar dawa marar kauri, a kasuwar ƙauyenmu. Ina ɗauke da ƙanjamau. Na faɗa da bakina, don kada a riga ni.

Na farko. Mijina Isiyaku direban lori ne mai kai dawa garin Managil. Tun girbi yake ramewa har damina ta faɗi. Sau uku muka kai shi asibitinku, kullum maganin zazzaɓi ake ba shi. Ba wanda ya ce a gwada jininsa har ya rasu. Bayan na fita takaba na kai kaina Damazin aka gwada ni.

Na biyu. Ma'aikacin da ya miƙo mini takardar sakamakon gwajin ya ɗaga murya gaban mutanen layi, ya ce, “Ku Fallata ku kuke kawo mana ita,” wato mu Hausawa da suke ɗauka baƙi. Ranka ya daɗe, a ƙasar nan aka binne kakana, a nan aka yanke cibiyata. Kafin in isa gida labari ya riga ni. Masu sayen kisra suka watse, dattawa suka aiko wai in koma wajen dangin uwata. Na ce ɗakin da na haifi 'ya'yana ba mai fitar da ni.

Na uku. Sau ɗaya mutanenku suka zo wayar da kai, suka tara maza, suka yi bayani da Larabcin da iyayenmu mata ba su ji. Har yau wanzami da aska ɗaya yake yi wa kowa, ungozoma ma haka. Don haka na ɗauki aikinku. A gidan suna nake miƙewa in gaya wa mata cewa gaisawa da cin abinci tare ba sa kawo ta, jini da kwanciya ke kawowa. Wasu su tashi su fita, ni ko in ci gaba. Mata huɗu sun bi ni Damazin an gwada su.

Ina roƙon a kawo gwaji ƙauye, a turo mace mai jin Hausa, a ba wanzamai da ungozomomi sababbin reza, a koya wa wancan ma'aikaci riƙon amana. Ko kun zo ko ba ku zo ba, ina shan maganina, kuma ranar kasuwa zan fita da kisrata.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare zuri'arka daga abin da ya same ni.

Wassalam.

Rabi