Tsakuwa Goma a Aljihun Auta

Anti, don Allah ki agaza min da shawara. Murna ta cika min ciki, amma Mama na neman mayar min da ita ciwon kai.

Ƙanina Auta shekararsa talatin da huɗu, yana da jinkirin fahimta tun yana ƙarami. A da daga katifa sai gaban talabijin, tumbi ya yi gaba, ko ƙofar gida ya je sai haki. To, cibiyar da yake koyon haɗa sabulu ta shirya musu tattakin kilomita biyar. Kowa zai samo masu tsaya masa da abin da ya sawwaƙa, a saya wa ɗakin yara na asibiti gadaje.

Anti, da za ki ga Auta yanzu! Da yake bai iya ƙirga zagaye ba, malamarsu ta zuba masa tsakuwa goma a aljihun dama, duk zagayen fili ɗaya ya mayar da guda aljihun hagu. Da biyu ya fara, yana zufa kamar an watsa masa ruwa. Shekaranjiya kuwa aljihun dama wayam, har kuka na yi don daɗi. Wandonsa sai da na rage masa ƙugu. Ni ma mai rakiya na faɗa, maigidana na ta tsokanata wai na samu koci kyauta.

Ana haka wata maƙwabciya ta kawo wa Mama gulma, wai ta ga Auta da takarda yana bin shaguna. Mama ta ce ba ta raine shi don a yi bara da shi ana nuna shi a titi ba, ta ɓoye takalmansa. Jiya da silifas ya fita, ya dawo ƙafa duk ta saɓule, yana tambayata ko laifi ya yi. Saura kwana tara. In ɗauko takalman a ɓoye ne, ko in haƙura?

Yayar Auta

Ƙanwata, na taya ki murna, Auta ya yi abin a yaba. Amma kada ki taɓa takalman nan a ɓoye, kuma kada ki ga baiken Mama. Ita ta sha kallo da nuni tun tana goye da shi, tsoronta ba na banza ba ne. Ku ma kun yi sakaci da kuka bar shi yana bin shaguna shi kaɗai. Daga yau ki riƙa raka shi.

Ki roƙi malamar ta zo har gida ta yi wa Mama bayanin inda kuɗin za su tafi, don da alama ta ɗauka Auta ake nema wa. Ya huta sai ƙafar ta warke, likita ya duba shi kafin ranar. Sannan ki lallaɓa Mama zuwa filin, ki sa mata kujera, duk zagaye ya kawo tsakuwar ya danƙa mata a hannu. In goma suka cika a tafinta, ina kyautata zaton da kanta za ta fito da takalman.

Ki tuna mata abu ɗaya cikin ladabi: shekara talatin da huɗu ana ba Auta, wannan ne karon farko da shi zai bayar. Allah ya kai mu ranar lafiya, ya sa ya ƙarasa da ƙafarsa, Mama na jiransa a bakin layi.