Marurun Mamarki

'Yata,

Daren shekaranjiya na ji wani siririn sauti a ɗaki, kamar ɗan tsako ya maƙale a bututu. Na haska ƙarƙashin gado, na leƙa bayan kabad, har ina murna zan ga sabuwar halitta. Ashe mamarki ce take kuka ta cikin haƙora. Marurun nan ya dawo, wannan karon a hammata.

Da gari ya waye na kai ta asibiti, suka tura mu ɗakin gwaji. Wata mai farar riga ta dangwali mugunyar da tsinke mai auduga. Wai shuka ta za su yi a faranti, su ajiye a wuri mai ɗumi kamar ƙwan kaza, abin da ya tsiro shi zai nuna maganin. Na roƙa a nuna mini gonar. Mamarki ta ce, "Tsoho, ina mutuwa kana neman kallo." Sun ɗebi jininta kuma.

Yanzu suka bugo waya, wai likita na son ganina. Ko shayi na kasa sha. Na bar ta tana barci. In kin iso, kada ki ba ta ragowar kafson nan na kan taga, ko da ta roƙe ki, sai na dawo.

Ina neman takalmina maƙwabciya ta leƙo, na gaya mata. Ta ce, "Baba, dama a kan maruru ake kiran mutum da sassafe?"

Babanki