Wutsiyar da Na Rage

Litinin, 3 ga Maris

Na koma ɗakin gwaji, karon farko tun rasuwar maigida. Farar rigarsa ta aiki tana nan rataye a bayan ƙofa, ba wanda ya iya taɓa ta. Farfesa ta yi mini gaisuwa, sannan ta lallaɓo da maganar: in zaren da muke haɗawa bai ɗauki lantarki ba kafin ƙarshen Afrilu, za a rufe aikin a ba wasu teburin. Na ce to. Me zan ce?

Alhamis, 6 ga Maris

Sinadarin da muke yin zaren da shi, shi ne na ƙarshe da maigida ya tsara. Kowace ƙwayarsa kamar ɗan faranti ce mai wutsiya. A narkar, a ɗumama, a bar kwalbar ta huce, sai su yi ta hawa kan juna da kansu har su zama zare. Ni da garajena sai in dinga ɗaga kwalbar ina leƙe, shi kuma ya buge mini hannu: "Ƙyale su, sun san hanya."

Yau na ƙyale su. Zare ya fito tubarkalla, dogo, shuɗi. Na ɗora a na'urar awo, allura ko gezau.

Talata, 11 ga Maris

Ko gezau.

Juma'a, 14 ga Maris

Dogo, amininsa da muke teburi ɗaya, ya yi ta kame-kame kafin ya ce wutsiyar ta yi tsawo, tana hana farantan matsuwa, shi ya sa lantarki ba ya iya tsallakawa daga wannan zuwa wancan. Na wanke shi tas. Har da cewa yaushe ya fi marigayi sani. Bawan Allah ya sunkuyar da kai, ya ce, "Allah ya huci zuciyarki, uwargida."

Abin haushin, ni na fara faɗin haka, tun bara. Mun yi ta musu da maigida, ina wanke-wanke yana tsaye yana mini dariya. Daga baya, a gadon asibiti, ya ce in aka sallame shi za mu gwada tawa tare, a ga mai gaskiya.

Tare ya ce.

Asabar, 22 ga Maris

Auta ta tambaye ni ko zaren Baba ya kama wuta. Na ce saura kaɗan. Na shige banɗaki na buɗe famfo don kada ta ji kukana. Ina kewarsa, har numfashi ciwo yake mini.

Laraba, 26 ga Maris

Na sake haɗa nasa, yadda ya bar shi. Na san sakamakon tun kafin in auna. Jira nake yi, kuma na san ba allurar nake jira ba.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Na rage wutsiyar. Ƙwayoyin sinadarin kabon huɗu na cire daga jikinta. Dogo ya yi kamar bai gani ba.

Allura ta motsa. Ba sosai ba, amma Farfesa ta gani da idonta, ta ce teburin namu ne. Na waiwaya in ce masa "ka gani ko?", sai rigar kawai.

Na ninke ta na taho da ita gida, wai don ta yi ƙura. Gobe zan gwada cire shida. Ban shawarci kowa ba.