Ƙanena Yana Ce wa Likita Da Sauƙi, Alhali Ba Sauƙin

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi kaina ya kulle.

Ni mace ce, ina aikin ƙulla alawa a wani kamfani a Bompai, muna haya a Dakata ni da Babanmu da ƙanena ɗan shekara sha takwas. Bara ya samu aiki a kamfanin roba, a gaban idonsa inji ya cinye hannun abokinsa. Tun daga ranar yaron nan bai dawo daidai ba, ya bar aikin, ba barci, abinci sai na yi da gaske, ko janareton maƙwabta aka tayar sai jikinsa ya hau rawa. Asibiti kuwa ya ce ko ɗaure shi za a yi ba zai je ba, kar unguwa ta ce ya taɓu.

Wata 'yar Filato da muke aiki tare ta haɗa mu da likitar ƙwaƙwalwa mai duba matasa ta waya. Wayata ce kaɗai babba a gidan, ranar kira sai in bar masa in tafi aiki. Bidiyo ba ya yiwuwa, sabis ɗinmu sai a hankali, murya kawai take ji.

Makon jiya aka ɗauke wuta a kamfani aka sallame mu da wuri. Na tarar da shi tsugune a bayan ƙofa yana waya da likitar ƙasa-ƙasa, Baba na tsakar gida kan tabarma, matan gidan na wanke-wanke. Duk abin da ta tambaya, amsar ɗaya ce, alhamdulillahi da sauƙi. Barci da sauƙi, cin abinci da sauƙi. Yaron da wando ba ya zama a ƙugunsa!

Na titsiye shi, ya ce Baba yana ji, kuma Baba ya sha faɗa cewa yawan ƙorafi rashin tawakkali ne. Ya ce likitar ma babba ce, tana ƙoƙari a kansa, da wane baki zai ce mata wahalarta ba ta yi amfani ba. Sannan ya rantse in na tona, ba zai ƙara ɗaga kiranta ba, ni ma ba zai sake gaya mini komai ba. Ni kaɗai ce fa yake buɗe wa ciki.

Jiya likitar ta kira ni da murnarta, wai ya samu sauƙi sosai, kiran ranar Juma'a shi ne na ƙarshe, za ta ba wani yaro gurbinsa. Baba na zaune kusa da ni, ƙanena ya zuba mini ido. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, alhamdulillahi mun gode. Na shiga banɗaki na yi kuka.

'Yan uwa, in kira ta a ɓoye in rasa amanarsa, ko in yi shiru a sallame shi a haka? Juma'ar jibi ce.